Rhine, Danube ko Nilu: Wane Kogi Ya Dace da Mai Tashi Daga Kaduna a Lokacin Kaka?

Wanda iyakar saninsa da tafiyar ruwa shi ne kwalekwalen da ke tsallakar da mutane a Kogin Kaduna zai yi mamakin jiragen da ake magana a kansu a nan. Otal ne a kan ruwa: ɗakin kwana da banɗaki, wurin cin abinci, falo, da rufin sama inda ake zama ana kallon gari. Yawanci jirgin yana tafiya da dare ko da hantsi, ya ɗaure a bakin wani tsohon gari, a fita yawo da ɗan jagora, a dawo a ci abinci, a kama hanyar gari na gaba. Kaya sau ɗaya ake kwance su, sai ranar sauka. Babu igiyar ruwa irin ta teku, don haka mai jin jiri a mota ko a jirgin sama ba shi da abin tsoro.

Koguna uku ne suka fi dacewa a auna su ga mai tashi daga Kaduna tsakanin Satumba da Nuwamba: Rhine da Danube a Turai, da Nilu a Masar. Hotunan talla duk suna da kyau, kuma ba su ne za su raba gardamar ba. Abin da ke raba ta shi ne biza, da yawan ruwan kogin a watan da za a je, da sanyi, da abin da za a sa a baki.

Abin da ido zai gani

Tafiyar Rhine da aka fi yi kwana 7 ce tsakanin Amsterdam a Holan da Basel a Suwizalan, ta ratsa Jamus da gefen Faransa. Ana tsayawa a Kinderdijk don ganin famfunan iska 19 da aka gina wajen 1740 domin kwashe ruwa daga gonaki. Sai Kolon a Jamus, mai babbar majami'ar da aka aza harsashinta a 1248 ba a gama ta ba sai 1880, hasumiyoyinta na kai mita 157. Sai Koblenz, inda kogin Mosel ke zuba cikin Rhine, wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar Lakwaja zai gane yanayin. Daga nan ne zuciyar tafiyar take: kimanin kilomita 65 tsakanin Koblenz da Bingen, kogi ya matse tsakanin duwatsu, gonakin inabi sun hau gangara kamar matakala, tsofaffin gidajen sarauta masu ganuwa wajen 40 a kan tsaunuka, da dutsen Loreley mai tsayin mita 132 a saman ruwa. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Amma a san da wannan: rabin yini ake yi a wuce shi. Sauran kogin, musamman daga Holan zuwa Kolon da kuma wajen Mannheim, masana'antu ne da jiragen dakon kwantena, domin Rhine babbar hanyar kasuwanci ce kafin ta zama ta yawon buɗe ido.

Danube kogi ne mai tsawon kilomita 2,850 ko kusa da haka, yana taɓa ƙasashe 10, amma tafiyar kwana 7 tana ɗaukar yanki ne kawai, daga Passau a Jamus zuwa Budapest a Hungari. Passau kanta mahaɗar koguna uku ce, Danube da Inn da Ilz. A Ostiriya akwai kwarin Wachau, kimanin kilomita 36 tsakanin Melk da Krems, da katafaren gidan ruhubanawa na Melk a kan tudu, da ƙauyen Dürnstein inda aka tsare Sarki Richard na Ingila a 1192 a hanyarsa ta komawa gida bayan gwabzawarsa da Salahuddin Ayyubi. Daga nan sai manyan birane uku a jere: Biyana a Ostiriya, Bratislava a Sulobakiya, da Budapest. A Budapest mai son tarihin Musulunci zai sami abin tsayawa, don Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta riƙe ɓangaren Buda daga 1541 zuwa 1686, kuma har yau hubbaren waliyyin Turkawa Gül Baba da gidan wanka na Rudas suna nan. Jirgi kan ɗaure a tsakiyar birnin, ginin majalisa na haskawa da dare a bakin ruwa.

In an kwatanta su biyun, Rhine ta fi yawan ƙananan garuruwa da kallo daga kan jirgi, Danube ta fi manyan birane da abin yi a ƙasa. Mai son zama da kofin shayi yana kallon duwatsu ya nufi Rhine. Mai son kasuwa da gidan tarihi da tafiya a ƙafa ya nufi Danube.

Nilu wata duniya ce daban. Ana tafiya tsakanin Luksor da Aswan, kilomita 200 da ɗoriya, kwana 4 in an tashi daga Luksor ana haura ruwa zuwa kudu, kwana 3 in an taso daga Aswan ana gangarowa. A Luksor akwai katafaren ɗakin bautar Karnak, da ɗakin bautar Luksor wanda masallacin Abul Hajjaj ke zaune a cikin harabarsa, da Kwarin Sarakuna inda aka gano kabarin Tutankhamun a 1922. A hanya ana tsayawa a Edfu, mai ɗakin bautar da aka fara ginawa a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, da Kom Ombo, inda aka ajiye busassun gawarwakin kadoji a gidan tarihi. Mutumin garin da ake cewa daga kada ya samo sunansa ai ya kamata ya leƙa. A Aswan akwai babbar madatsar da aka kammala a 1970, da ɗakin bautar Philae da aka kwashe dutse bayan dutse zuwa wani tsibiri don kada ruwa ya cinye shi. Garuruwan bakin Nilu ba su da kwalliyar na Turai. Abin kallon kufai ne na shekaru dubbai, da dabino da rake da masunta a tsakanin tasha da tasha. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga kaburbura da wuraren gumaka ba ya yi wa kansa hisabi tun a gida, domin kusan duk fitar da ake yi can ake zuwa.

Ruwa, wanda ɗan talla ba ya son a tambaya

Nan ne kaka ke da haɗari a Turai. Rhine na samun ruwanta daga narkewar ƙanƙarar tsaunukan Alps da kuma ruwan sama. Zuwa ƙarshen Agusta ƙanƙarar ta gama narkewa, in kuma bazararsu ta zo da fari, sai kogin ya janye daidai Satumba da Oktoba. Daga Basel zuwa garin Iffezheim a Jamus akwai madatsu da ke riƙe ruwa, amma daga nan zuwa teku kogin sake yake, babu abin da ke tare shi. Wurin da ya fi ƙarancin zurfi yana kusa da wani ƙaramin gari mai suna Kaub, a tsakiyar yankin nan mai kyau, kuma ma'aunin ruwan Kaub shi ne kowa ke sa wa ido. A Oktoban 2018 ya sauka zuwa santimita 25, a Agustan 2022 ya kai wajen 30. Adadin ma'aunin ba shi ne zurfin hanyar jirgi ba, hanyar ta fi shi da mita ɗaya da 'yan kai, amma cikin jirgin fasinja yana nutsewa mita ɗaya da rabi ko fiye. Da zarar ma'aunin ya yi ƙasa da santimita 80 ko makamancin haka, jiragen kaya sun daɗe da rage lodi, matuƙan na fasinja kuma sun fara lissafi.

A Danube wurin da ke ba da wahala shi ne kimanin kilomita 70 tsakanin Straubing da Vilshofen a Jamus, sai kuma yankin Hungari kafin Budapest. Wannan ya sa tafiyar da ta fara daga Passau ta fi wadda ta fara daga Regensburg ko Nürnberg aminci, don ta farkon ta tsallake wancan mashigin tun kafin a hau. Ƙaramin bambanci ne a takardar talla, babba ne a shekarar fari. Ruwa in ya yi yawa ma matsala ce: jirgi ba ya iya shigewa ƙarƙashin gada, kuma hukuma na rufe hanya, kamar yadda ambaliyar Satumban 2024 ta tsayar da zirga-zirga a Danube ta Ostiriya.

Me ke faruwa idan ruwa ya hana? Kamfanin da ke da jirage iri ɗaya da yawa yakan ajiye ɗaya a kowane gefen mashigin. Fasinja ya haɗa kayansa, a kwashe shi a bas na awa biyu ko uku, ya shiga ɗaki mai lamba irin ta nasa a ɗaya jirgin. Kamfanin da ba shi da jirgin musanya sai ya ɗaure nasa a wuri guda, a riƙa kai mutane garuruwa a bas suna dawowa, ko a sauke su a otal. Kuɗin jirgin ruwa aka biya, tafiyar mota aka samu. Kuma sharuɗɗan da ake sa wa hannu kusan kullum sun ba kamfani damar canza hanya saboda ruwa ba tare da ya mayar da kuɗi duka ba. Saboda haka kafin a biya a tambaya a rubuce: jirage nawa kuke da su a wannan layin, kuma me kuke mayarwa in an kwana a otal maimakon jirgi? Doguwar tafiyar nan ta mako biyu daga Amsterdam zuwa Budapest, wadda ke bi ta magudanar Main da Danube mai kilomita 171 da aka buɗe a 1992, ita ta fi kowace faɗawa wannan tarkon, tunda sai ta bi ta Kaub ta kuma bi ta Straubing.

Nilu ba ta da wannan fargabar a kaka. Madatsar Aswan ce ke sakin ruwa da awo, kuma sai wajen Disamba da Janairu ake rage shi. Abin da ke cin lokaci a can shi ne ƙofar ruwa ta Esna, wani dogon akwati mai ƙyaure gaba da baya da ke ɗaga jirgi ko sauke shi. Jirage kan yi layi na awoyi, shi ya sa wani lokaci fitar safe ke komawa ta yamma.

Masu son Turai amma suna gudun janyewar ruwa kan duba Mosel, mai garuruwa irin su Cochem da Trier, ko Douro a Fotugal, domin madatsu sun riƙe su. Sai dai Douro kusan duk shirinta a kan gonakin inabi da giya yake, jiragen Mosel kuma da yawansu sai sun bi ta Rhine kafin su shiga.

Biza da tsarin biyan kuɗi

Rhine da Danube duka bizar Shengen suke buƙata, wato bizar bai-ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai. Kuɗinta Yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu a Abuja ko Legas. Ana neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da fasfo mai sauran wata 3 bayan ranar fitowa da shafi biyu babu komai, da bayanan banki, da shaidar aiki ko kasuwanci. Ana iya nema tun wata 6 kafin tafiya. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su har kwana 45, kuma samun ranar ganawa kansa wani aiki ne. Mai son tafiyar Oktoba ya fara motsi tun Afrilu ko Mayu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne kai takardu ofishin jakadancin da bai dace ba. Ƙa'idar ita ce ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun zo daidai sai ƙasar da za a fara shiga. A tafiyar Rhine galibi Jamus ce, ko da Amsterdam za a sauka. A tafiyar Passau zuwa Budapest galibi Ostiriya ce, sai fa in an ƙara kwanakin otal a Budapest har suka rinjaya. A ƙirga dare ɗaya bayan ɗaya daga jadawalin jirgin. Wanda kuma ya zaɓi Danube ta ƙasa, wadda ke ratsa Sabiya, ya tuna Sabiya ba ta cikin Shengen, bizar shiga sau ɗaya ba za ta fisshe shi ba.

Ga inda kuɗi ke salwanta. Ofishin jakadanci na son ganin shaidar an kama ɗaki a jirgi. Kamfanin jirgi na karɓar kafin alƙalami, sannan ya nemi cikon kuɗin wata biyu zuwa huɗu kafin tashi, kuma tarar fasawa na hawa har ta cinye kuɗin duka in lokaci ya matso. Hana biza ba ya cikin uzurin da yawancin kamfanoni ke karɓa, inshora ma ba kowace ke biyansa ba sai an rubuta shi ƙarara. Tsarin da ya fi tsira shi ne a biya kafin alƙalami kaɗai, a karɓi takardar shaida, a nemi biza da wuri yadda amsa za ta fito kafin ranar cikon kuɗi, tikitin jirgin sama kuma a bari sai biza ta shigo hannu. Mai sabon fasfo da bai taɓa fita ba ya san cewa ƙofar Shengen ba ta buɗe wa kowa da sauƙi.

Masar ma sai da biza, ana nema a ofishin jakadancinta a Abuja, amma ƙasa ɗaya ce, ofishi ɗaya, kuma jiragen Nilu na da yawa har ana iya kama ɗaki 'yan makonni kafin tafiya. Wato ana iya jira biza ta fito kafin a biya babban kuɗi. A riƙe katin allurar shawara, ana tambayarsa.

Ta fuskar tsada, Nilu ce mai sauƙi da nisa: kwanakin sun fi kaɗan, jirgin sama ya fi kusa, kuɗin ɗaki na farawa daga ɗaruruwan dala. Mako guda a Turai kan tashi daga Yuro dubu da wani abu a kamfanoni masu rangwame zuwa dubu huɗu ko fiye a manyan, kowane mutum ɗaya, ban da jirgin sama. Farashin an gina shi ne a kan mutum biyu a ɗaki, mai tafiya shi kaɗai zai biya ƙari mai nauyi. A duba ko fita yawon gari na cikin kuɗin, don araha ba ta ado: wasu na rage farashi sannan su sayar da kowace fita daban. Tukuicin ma'aikata a Turai kan kama Yuro 10 zuwa 20 a rana ga kowane fasinja in ba a haɗa shi ba. A Masar na goro ba ya ƙarewa, daga mai ɗaukar jaka har mai keken doki a Edfu, a tanadi canji na fam ɗin Masar, sannan a riƙe katin banki mai aiki a waje, don yawancin manyan wuraren tarihi da kati ake sayen tikitinsu.

Sanyi da tsawon yini

Asubahin hunturu mafi tsanani a Kaduna, lokacin da ake hura wuta a bakin titi, shi ne tsakar ranar Kolon ko Biyana a Oktoba: digiri 12 zuwa 15, dare kuma ya sauka ƙasa da 10. A kan rufin jirgi iska na ƙara masa kaifi. Satumba ta fi daɗi, wajen digiri 20, amma ta fi tsada. Ganyaye na rikiɗa ja da ruwan ɗorawa daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshensa. Farkon Nuwamba ya fi araha, sai dai ga ruwan sama da hazo mai laima da ke rufe kogi da safe, ganye ya zube. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba Turai na mayar da agogo baya da awa ɗaya, lokacinsu ya zo daidai da na Najeriya, rana kuma ta riƙa faɗuwa wajen ƙarfe 5 ko kafin haka. Don haka a tambayi kamfani ƙarfe nawa jirgin ke ratsa yankin Loreley ko Wachau. In da yamma liƙis ne a Nuwamba, duhu za a kalla.

Rigar sanyi mai hana ruwa, da suwaita biyu, da hular sanyi, da safa mai kauri, duk ana samunsu a gwanjon Kasuwar Barci da kuɗin da bai kai na riga ɗaya a Jamus ba. Takalmi ya zama rufaffe mai taushin ƙasa, domin titunan tsofaffin garuruwan daɓen duwatsu ne masu santsi in sun jiƙe. Dattijo mai ciwon gwiwa zai ji jiki a Dürnstein da Melk.

Luksor kuwa a Satumba zafi ne na gaske, kusa da digiri 40. Oktoba wajen 35, kamar Maris a Kaduna. Nuwamba ya sauko wajen 30, dare ya yi sanyi mai daɗi. Saboda zafin ne ake fita tun da asuba. Mai son zuwa ɗakin bautar Abu Simbel, kilomita 280 kudu da Aswan, zai bar jirgi wajen ƙarfe 4 na dare, awa uku da wani abu zuwa, haka dawowa. Ranar 22 ga Oktoba hasken rana ke shiga har ƙuryar ɗakin bautar, ranar cunkoso ce ƙwarai, mai gudun turmutsitsi ya kauce mata.

Ci da sha da salla

Kaka a bakin Rhine da Wachau lokacin girbin inabi ne, kuma shirin jiragen cike yake da ɗanɗanon giya, musamman a garin Rüdesheim da ke bakin Rhine. Kamfanoni da yawa sun haɗa giyar cin abinci cikin farashi, wanda ba ya sha yana biyan abin da ba zai taɓa ba. Naman alade na yawo a karin kumallo da miya da tsiran Turawa. Jirgin da ke da naman yanka na halal ba kasafai ake samunsa ba. Abin da ke aiki shi ne a rubuta wa kamfani tun lokacin kama ɗaki cewa kifi da ganye kawai, ba alade ba giya a girki, sannan a maimaita wa shugaban masu raba abinci a daren farko. A tambaya game da romo da kayan zaƙi, nan giya da sinadarin ƙashin alade ke ɓuya. Da rana a gari ba a rasa gidajen abincin Turkawa da Larabawa a Kolon da Biyana da Strasbourg ta Faransa. Ƙullin yaji da ɗan garin kunu a jaka na taimako, amma kilishi da duk wani nama ko madara an hana shiga da su Tarayyar Turai, a filin jirgi za a ƙwace.

A Nilu wannan duk ba ta taso ba. Nama halal ne, ga wake, ga shinkafa, ga miyar kuɓewa, ga miyar lalo da suke kira mulukiyya, zoɓo kuma shi ake tarbar baƙo da shi. Abin kiyayewa shi ne ciki: ruwan gora kaɗai har wajen goge baki, a yi hattara da ɗanyen ganye da ƙanƙara, a riƙe gishirin haɗa ruwa na masu gudawa. Akwai mashaya a jirgin, kuma akan yi daren rawa, wanda bai so ya zauna a ɗakinsa ko ya hau sama.

Salla a jirgin kogi ba wuya, yana tafiya lif, ana tsayuwa daram. Alƙibla ce ke juyawa da lanƙwasar kogi, sai a duba ta a waya dab da kabbara. Daga Jamus da Ostiriya kudu maso gabas take, daga Luksor gabas ce mai karkata kudu, ba irin ta Kaduna mai karkata arewa ba. Mai son Juma'a ya duba inda jirgi zai kasance ranar: Kolon na da babban masallaci a unguwar Ehrenfeld, Strasbourg na da nata da aka buɗe a 2012, Biyana na da cibiyar Musulunci ta 1979 a bakin Danube. A Nilu kiran salla na iso ka daga gaɓa biyu. Kirista mai son tarihin coci kuwa, majami'un Kolon da Speyer da Strasbourg kaɗai sun isa su karkatar da shi zuwa Rhine.

Jirgi da ɗaki

Jiragen Rhine da Danube kusan girmansu ɗaya, tsawon mita 135 da faɗin mita 11 da ɗoriya, saboda ƙofofin ruwan mita 12 ne faɗinsu. Fasinja 150 zuwa 190. Hawan ƙasa ya fi araha, tagarsa ƙarama ce a saman bango daidai fuskar ruwa, ba ta buɗuwa, kuma a jirage da yawa na'urar hawa bene ba ta sauka can. Hawan tsakiya mai ƙofar gilashi da ke zugewa shi ya fi dacewa da kaka. Baranda mai kujeru asarar kuɗi ce a Oktoba, sanyi ba zai bari a zauna ba, kuma a tashoshi masu cunkoso jirage na ɗaurewa gefe da gefe, ka buɗe labule ka ga ɗakin wani. Ɗakunan baya suna kusa da inji. A tambayi harshen jirgi: kamfanonin A-ROSA da nicko na Jamusawa ne, CroisiEurope ta Faransawa ce, ba kowace tafiyarsu ke da jagora da Turanci ba. Viking da AmaWaterways da Avalon da Turanci suke aiki, amma Viking ba ta ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, mai tafiya da yara ya nemi wani. A kuma duba inda jirgi ke ɗaurewa. Kolon da Koblenz da Passau da ƙafa ake shiga gari, Heidelberg da Salzburg kuwa ba a bakin waɗannan kogunan suke ba, tafiyar bas ce.

A Nilu taurarin da jirgi ke liƙa wa kansa ba abin dogaro ba ne, tsoho da sabo duk biyar suke cewa. A nemi sunan jirgin takamaimai da shekarar da aka yi masa gyara, kada a yarda da "ko makamancinsa". Mai hali ya duba dahabiyya, jirgin filafilai mai ɗakuna kaɗan da ke tafiya a hankali tsakanin Esna da Aswan, yana tsayawa a ƙauyukan da manyan ba sa iya raɓa, babu hayaƙin injin maƙwabci.

Wanda bai taɓa fita ba, ko zai tafi da iyaye, ko ba ya son kuɗinsa su kwana a hannun wani yana jiran biza, Nilu ce tasa, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kwana 4 daga Luksor. Wanda fasfonsa ya riga ya sha hatimin Shengen ya ɗauki Danube daga Passau a farkon Oktoba, ita ce ta fi cika ido a mako guda. Rhine ta dace da wanda ya yarda ya yi caca da ruwan Kaub don ya ga duwatsun nan da ganye ya rine, kuma ya zaɓi kamfani mai jirgin musanya.

Hanyar fita daga Kaduna ta fi sauƙi ta Abuja: jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, kilomita 186, a kwana a Abuja in tashin na safe ne. EgyptAir na zuwa Alkahira, daga can awa ɗaya ne ko ɗaya da rabi a sama zuwa Luksor ko Aswan. Lufthansa na zuwa Frankfurt, inda jirgin ƙasa ke kai mutum Basel ko Passau ko Amsterdam cikin 'yan awoyi. Ko wanne aka zaɓa, a isa garin da za a hau kwana ɗaya kafin ranar, domin jirgin kogi ba ya jiran wanda jirginsa na sama ya makara, kuma kama shi a gari na gaba daga aljihun fasinja ne. Magunguna da kaya na kwana ɗaya su kasance a jakar hannu, da mahaɗin soket mai ƙafa biyu zagayayyu, shi ake amfani da shi a Turai da Masar. Lambar wayar jirgin tana cikin takardun ƙarshe da kamfani ke turowa. A rubuta ta a takarda, a kira da safen ranar a tabbatar da matsayarsa, don a shekarar da ruwa ya janye ana iya mayar da wurin hawa wani garin daban cikin dare ɗaya.